Na iya dogon kombo amma kullum ana cinye ni, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kusa shekara ina buga wasan bidiyo na faɗa Street Fighter 6, da jarumi Ken nake wasa. A ɗakin atisaye ina jera dogayen kombo, wato duka masu bin juna a jere, babu kuskure, amma da zarar na shiga intanet sai komai ya watse: hannuna ya ɗauki rawa, a yi ta yi mini tsalle a ka, mutanen da ko kombo ɗaya ba su iya ba su cinye ni. Na maƙale a matakin Platinum, maki ya hau yau gobe ya zube. In aka ci ni sau uku a jere sai zuciya ta ɗebe ni, in yi ta shiga har dare ya raba. Shin hannuna ne ba shi da sauri? In canza jarumi ne, ko in sayi sandar wasa irin ta ƙwararru?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna, kada kuma ka saki Ken. Da Ken ɗin nan AngryBird ya lashe Evo, babbar gasar wasannin faɗa, ta 2023 a Las Vegas. MenaRD na Jamhuriyar Dominika kuwa, wanda ya ɗauki kofin Capcom Cup a 2017, da fad, wato na'urar madannai da ake riƙewa a hannu, irin na kowa yake wasa. Daga abin da ka rubuto, matsalarka tana cikin abin da kake yi wa atisaye, da kuma inda idonka yake a lokacin faɗa.

Kombo lada ne. Sai ka buɗe abokin karawa sannan ka same shi. Kai ka ba da lokacinka kacokan wajen koyon abin da za ka yi bayan duka ya shiga, ka bar koyon yadda dukan zai shiga da yadda za ka hana nasa shiga. Shi wancan da ka ce bai iya komai ba, ya iya abu guda: ya gano ba ka kakkaɓo mai tsalle, sai ya yi ta tsalle. Bai buƙaci ya san fiye da haka ba, tunda kai ba ka tilasta masa ba. A wannan zagayen ya fi ka karanta wasan, kuma gara ka yarda da haka tun yanzu, domin muddin kana kiransa mai sa'a ba za ka tsaya ka duba abin da yake yi maka ba.

Bari mu yi maganar saurin hannu da lissafi, don hankalinka ya kwanta. Waɗannan wasanni suna gudana a kan firam 60 cikin daƙiƙa ɗaya, wato allon yana sauya hoto sau 60, kowane motsi kuma da adadin firam ɗin da yake ci. Mutum mai lafiya da ke jiran abu guda tak yana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya gani ya danna, kimanin firam 15 ke nan. A Street Fighter 6, duka mafi sauri yana fitowa cikin firam 4, cafka kuma cikin firam 5. Babu ɗan'adam da zai ga waɗannan da ido ya mayar da martani, ko da zakaran duniya ne. Waɗannan hasashe ake yi musu. Amma Drive Impact, wani duka mai nauyi da ke ratsa dukan abokin karawa, yana cin firam 26 kafin ya sauka, tsalle kuma daga tashi zuwa dira ya haura firam 40. Waɗannan ana ganinsu sarai, kai ma kana iya ganinsu.

To me ya sa suke samunka? Saboda firam 15 ɗin nan na wanda ke jiran abu ɗaya ne. Idan kana jiran tsalle, kana jiran Drive Impact, kana tsoron ya rugo da Drive Rush, wato zaburowa gaba da gudu, sannan rabin hankalinka yana kan tuna jerin madannan kombonka, lokacin martaninka yana ƙaruwa sosai. Kan mutum ba ya ɗaukar kaya huɗu a lokaci guda da sauri iri ɗaya. Ƙwararren da kake gani kamar walƙiya ya sauke wa kansa kaya ne: abubuwa da yawa sun zame masa jiki har ba ya tunaninsu, saura ɗaya ko biyu yake sa wa ido. Wannan shi ne aikin atisaye na gaskiya.

Ga yadda nake so ka riƙa shiga ɗakin atisayen daga yau. Wasan yana ba ka damar ɗaukar motsin mutum-mutumin da ke gabanka a gurabe daban-daban, ya riƙa maimaita su a cakuɗe ba tare da ka san wanne zai fito ba. A gurbi na farko ka sa shi ya ɗan yi gaba da baya sannan ya yi tsalle da duka mai nauyi. A na biyu ya ɗan yi gaba da baya sannan ya sako Drive Impact. A na uku ya yi yawonsa kawai, kada ya yi komai. Wannan na ukun kada ka raina shi, shi ne zai hana ka danna madanni kafin ka ga dalili. Ka fara da gurbin tsalle shi kaɗai har Shoryuken, naushin Ken mai tashi sama, ya riƙa fita ba tare da ka nemo shi ba. In Shoryuken yana ba ka wuya a farko, naushi mai nauyi daga tsugune ma yana kakkaɓo mutum, ka fara da shi babu kunya. Sannan ka kunna biyu, sannan uku. Za ka ga abin da ka ƙware a kai ya lalace da ka haɗa su. Haka ya kamata ya faru, a nan ake son ya lalace, inda babu makin da zai zube. Kuma kai ma ka riƙa motsi kana atisayen, kana tafiya kana miƙa ƙafa kamar a wasan gaske, domin babu abokin karawar da zai yi maka tsalle kana tsaye cak kana jiransa.

Minti 15 zuwa 20 na irin wannan kafin ka shiga intanet ya fi awa biyu na maimaita kombo a jikin wanda ba ya ramawa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ranar da masu tsalle suka gane kana jiransu a ƙasan, rabin mutanen da ke cinye ka yanzu ba su da sauran dabara.

Game da kombo, ka rage su. Ka zaɓi guda ɗaya mai sauƙi na tsakiyar fili, guda ɗaya na lungu, da guda ɗaya mai ciwo na hukunta babban kuskure, kamar idan ka tare Shoryuken ɗin wani ya sauko a gabanka ba shi da kariya. Kombon da ke cin jini kaɗan amma yana fita duk lokacin da ka neme shi ya fi dogon da ke suɓucewa a tsakiya ya bar ka a buɗe. Ka kuma lura da abin da dogayen nan suke ci maka. Ma'aunin Drive, wato ƙarfin da kake kashewa wajen Drive Impact da Drive Rush, gida shida ne, katse duka da Drive Rush yana cin gida uku. Sau biyu ka yi, ka ƙone, wato ma'aunin ya ƙare. Wanda ya ƙone kuwa ko ya tare dukan musamman jininsa yana raguwa, ba shi da Drive Impact na ramawa, in aka haɗa shi da bango da Drive Impact sai jiri ya kwashe shi. Ina kyautata zaton in ka duba wasanninka za ka tarar da yawa a nan suka kuɓuce maka.

Sai ka koyi ɗan lissafin firam, daidai buƙata. Idan ka tare wani duka, akwai wanda zai riga farfaɗowa tsakaninku. In mai dukan ya makara da firam 4 ko fiye, kuma hannunka yana kaiwa, dukanka mafi sauri zai shiga tilas. Masu Tekken, wani wasan faɗa daban, suna da irin wannan ƙa'ida: naushin farko firam 10 ne, don haka duk motsin da ya bar mai shi a baya da 10 ana hukunta shi, wanda ya kai 15 kuma yawancin jarumai suna ɗaga mutum sama da shi. Ba sai ka haddace littafi ba. Duk motsin da ya dame ka yau, ka kai shi ɗakin atisaye, ka kunna ma'aunin firam da ke ƙasan allo, ka ga ko lokacinka ne na bugu ko na ci gaba da tarewa. Motsi ɗaya a rana ya isa.

Abin da mutane suka fi ƙi shi ne kallon wasan da aka ci su, alhali nan maganin yake. Wasan yana ajiye maka bidiyon karawarka. Ka ɗauki guda biyu da ka sha kashi, ka riƙe biro da takarda. Duk inda jininka ya ragu ka tsayar, ka rubuta dalili da kalma biyu: tsalle, cafka, na danna ina tashi, na yi tsalle an kakkaɓo ni, na ƙone. Kafin ka gama na biyu za ka ga layi ɗaya ya fi sauran tsawo. Wannan layin shi ne aikinka na makon. Sauran ka ƙyale su tukuna, ko da suna ci maka rai.

Yanzu batun zuciya, wanda a ganina ya fi duk na sama nauyi a wasiƙarka. Rawar hannu ba aibu ba ce, jiki ne yake ɗaukar abin da muhimmanci, kuma tana raguwa da yawan shiga. Abin da ke ƙara ta shi ne ka ɗora darajarka a kan makin nan. An gina tsarin haɗa 'yan wasa ne don ya riƙa kawo maka sa'anninka, saboda haka duk inda ka kai, cin da rashin za su riƙa zuwa kusan kunnen doki. Wanda ya ce sai ya ci kullum zai ji daɗi, ya ɗaura wa kansa baƙin cikin rabin lokacinsa. Ka canza abin da kake ƙirgawa. Kafin ka shiga ka ce: yau aikina in kakkaɓo duk tsallen da aka yi mini. In mutum ya yi tsalle biyar ka kakkaɓo uku, jiya kuwa ko ɗaya ba ka samu ba, ka ci gaba ko da ya cinye ka. Ka sani kuma makinka zai iya sauka na ɗan lokaci yayin da kake cusa sabon abu a wasanka, domin hankalinka ya tafi can. Yana dawowa, kuma in ya dawo yana wuce inda ya tsaya.

Shiga wasa cikin fushi kuwa ka yi masa iyaka tun kana cikin hayyacinka. An ci ka sau uku a jere, ka ajiye fad ka tashi, ka sha ruwa, ka ba shi minti goma. Mai fushi gaba kawai yake afkawa, yana danna madanni a inda ya kamata ya tare, kuma hannu yana haddace abin da aka maimaita masa, mai kyau ne ko maras kyau. Daren da ka raba kana huce haushi, atisayen munanan halaye ka yi. Barcin da ka rasa kuma gobe zai fito a saurin martaninka.

Akwai wani abin da ya faru a Evo ta 2004 da masu wannan harka ba sa mantawa. Daigo Umehara na Japan yana riƙe da Ken, Justin Wong na Amurka yana riƙe da Chun-Li, a wasan Street Fighter III: 3rd Strike. Jinin Daigo saura ƙiris, ta yadda ko tarewa ya yi sai ya mutu. Justin ya sako babban harin Chun-Li mai duka 15, Daigo ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan lokacinsa, sannan ya rama ya ci zagayen. Mutane suna kallon wannan su ce saurin hannu. Ka sake kallonsa ka lura da 'yan daƙiƙun da suka gabata: Daigo yana ta daidaita tazararsa da Justin, domin ya san wanda ya ga abokin karawa a wannan hali abin da zai nema ke nan. Ya san harin, ya san kiɗansa, ya kuma san mutumin da ke gabansa. Zauren yana ta ihu bai sa ya rikice ba. A gasar ma na biyu ya zo, amma wannan zagayen ake tunawa.

Wannan karatun mutum ba ya samuwa sosai a wasan maki, inda za ka haɗu da baƙo ku yi biyu ko uku ku rabu. Ka nemi wanda ya fi ka kaɗan, ku riƙa doguwar karawa, wanda ya riga cin goma. A wasa na shida ya riga ya gane duk halayenka, dole ka sauya ko ka ci gaba da shan duka a wuri ɗaya. In kun gama ka tambaye shi abin da ya gani, yawancin masu wannan wasa suna son a tambaye su. Arslan Ash ya fito daga Lahore ta Pakistan, ƙasar da duniyar Tekken ba ta sa ta a lissafi ba, ya lashe Evo Japan da Evo duka a 2019, ya doke Knee na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe a Las Vegas. Abin da ya gina shi zama ne da ƙwararrun garinsu a ɗakunan wasa, suna ta gwabzawa da juna fuska da fuska. In ba ka da irin wannan kusa da kai, ɗakin karawa na intanet da mutum ɗaya tsayayye zai yi maka aikin.

Cikin irin wannan karawa ka riƙa yi wa kanka tambayoyi ƙanana a zagayen farko. In na kayar da shi, me yake yi yana tashi: tarewa, bugu, ko tsalle? In ya shiga lungu, ta ina yake neman fita? In jininsa ya yi ƙasa, afkowa yake ko ja da baya? Yawancin 'yan matakinka amsa ɗaya gare su ga kowace tambaya, kuma ba sa canza ta ko an hukunta su sau uku.

Abu biyu na kayan aiki da suka cancanci kulawarka: in da hali ka haɗa na'urarka da wayar intanet maimakon wayfai, domin tsinkewar sadarwa tana ɓata lokacin dannawa, sannan in a talabijin kake wasa ka kunna yanayin gem a saitinsa don rage jinkirin hoto. Canza jarumi kuma ka bar shi sai ranar da ka ji wani ya fi burge ka, ka riƙa sha'awar yadda yake faɗa. In don gudun shan kashi ne, mai tsallen nan zai bi ka har kan sabon jarumin.