Lissafin ciwon daji da batun ƙaddara

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin lissafi. Bincikena a kan yadda ƙari ke tasowa ne idan kurakurai suka taru a ƙwayoyin halitta haka kawai, ba gaira ba dalili. Sankarar mama ce ajalin mahaifiyata, shi ya sa na zaɓi fannin. Wani ɗan'uwa ya ce wannan duba ne da musun ƙaddara. In bari?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, ɗana. Kada ka bari. Ilmin da ke taimakon magani farilla ce ta kifaya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne "ba gaira ba dalili". In nufinka mu ne ba mu san ƙwayar da kuskuren zai faɗa wa ba, babu laifi. In kuwa ka ƙudurce cewa babu mai tsarawa, imani ya taɓu. Gyara lafazin.

Maganar duba kuwa kuskure ce babba. Boka yana da'awar sanin gaibin mutum guda. Lissafinka furuci ne da rashin sani: ba ya ce wane zai kamu, ƙirga jama'a yake yi. A 1971 wani likita mai bincike, Alfred Knudson, ya nazarci bayanan marasa lafiya 48 masu sankarar ido ta yara. Ya ga waɗanda suka gada tana kama su da wuri, galibi ido biyu, sauran kuma ido ɗaya, sai ya ce kurakurai biyu ake buƙata a ƙwayar halitta kafin sankarar ta taso. Daga baya aka gano ƙwayar gadon da kurakuran ke shafa. Ina aljani a nan? Ina zanen ƙasa? Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Sakamakon ɓoyayye ne ga mai jefawa, rubutacce a wajen Allah. Ɗan'uwan nan kishin addini ne ya motsa shi, ka yi masa bayani a hankali.

Amma ka kiyaye. Binciken da masana biyu, Tomasetti da Vogelstein, suka yi a 2015 ya sa jaridu yayata cewa yawancin ciwon daji rashin sa'a ne. Kada lissafinka ya zama hujjar mai shan taba, ko mai cin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, ko mai ƙin rigakafin ciwon hanta, alhali duk waɗannan suna iya jawo ciwon daji.

Na kuma ji nauyi a tambayarka. In kana kwana kana cewa da an kai ta asibiti da wuri, ka daina. Kwananta ne ya ƙare. Ka dai ja hankalin 'yan'uwanka mata su je a duba su, ka yawaita yi mata sadaka.

Wallahu a'alam.