"Namijin ƙoƙari" da "mijin tace": amsar wasiƙu biyu

Wata malamar lakwal daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta rubuto tana cewa: "Malam, wata huɗu ina jinyar mahaifiyata, dangi suka ce na yi namijin ƙoƙari. Shin ƙoƙari ma yana da namiji da tamace?"

Malama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kalmar "namiji" ta daɗe da wuce maganar jinsi a bakin Bahaushe, ta zama mudun auna tauri da juriya. Shi ya sa goron nan mai ɗaci muke ce masa namijin goro, muke kuma cewa namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Yabonki aka yi, amma da aron rigar maza. Haka aka yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau, aka ce mai kamar maza. Mace in ta yi fice a taron malamai, kallabi tsakanin rawuna ake ce mata. Ko Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojan Faransa a 1899, in ana ba da labarinta sai ka ji an ce ta nuna mazantaka.

Kada ki ɗauka su mazan sun tsira. Ran nan a Kasuwar Dole wani yaro da bai wuce shekara biyar ba ya faɗi, gwiwa ta goge har da jini. Uwar ta kakkaɓe masa ƙura tana cewa, "Haba, yi ta maza mana, kai mace ne?" Ya haɗiye kukan, leɓe na rawa. Wannan "ta" ɗin tana tsaye ne a madadin kalmar da aka sakaya, juriya ko ɗabi'a. Ni dai ina ganin tun daga nan muke koya wa yaro ɓoye ciwo, ya girma yana jin zuwa likita ma ragwanci ne.

Wani ɗan'uwa kuma daga Zango ya tambayi asalin "mijin tace". Malam, "ta ce" ne aka haɗe: magidancin da kome ka tambaye shi sai ya ce maka "ta ce". Na duba, ban ji inda ake zolayar mace da "matar yace" ba, don wannan ba wanda yake ganinsa abin dariya.