Me ya sa ake ce masa chipotle?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa aka rubuta chipotle a jikin buhun nan, alhali da ka jiƙa shi sai ka ga siffar jalapeño. Idonka bai yaudare ka ba, yarona. Barkono ɗaya ne, aikin da aka yi masa ne ya sauya masa suna.

Kalmar daga harshen Nahuatl ta fito, wato harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko. A wurinsu chilli shi ne barkono, poctli kuma hayaƙi. Haɗa su, ka samu barkonon hayaƙi. Sifaniyawa da suka ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521 sun ɗauki kalmar, bakinsu ya lanƙwasa ta har ta zama yadda kake gani. Shi kuwa jalapeño sunan gari ya ci, Xalapa, babban birnin jihar Veracruz a Meziko.

To me ya kawo hayaƙi? Tsaga ɗanyen jalapeño ka duba kaurin tsokarsa da ruwan da ke ciki. In ka shanya shi a rana, kafin ya bushe ya ruɓe. Shi ya sa ake barinsa a jikin itacensa ya nuna ya yi jajir, sannan a ƙyafe shi kwana da kwanaki a kan hayaƙin itace, ana juyawa. Wajen kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1, don haka kada tsadarsa ta ba ka mamaki.

Wannan da ke hannunka, mai duhun ja da ɗan laushi, irin chipotle ne da ake kira morita. Akwai meco, wanda ya fi daɗewa a hayaƙi, launinsa toka-toka kamar busasshiyar taba. Ni dai meco na fi so a miya mai nauyi, ko da yake samunsa sai an sha wuya.

Haka mutanen Meziko suke sauya wa sauran nau'o'in barkono suna in sun bushe. Poblano in ya bushe ya zama ancho, ma'ana mai faɗi. Chilaca ya zama pasilla, ɗan busasshen inabi, saboda baƙinsa da yamutsewarsa.

Saboda haka in girki ya ce chipotle, kar ka kuskura ka yanko ɗanyen jalapeño ka zuba. Zafin zai zo, amma ƙamshin hayaƙin da ake nema babu shi. Cire hancin chipotle ɗin, jiƙa shi a ruwan zafi kamar minti 20, sannan ka niƙa har da ruwan jiƙon.