Filashina na canza harafi a Wine

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Agege, Legas. Ubuntu, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, nake amfani da shi, amma manhajar lissafina ta Windows ce, ta cikin Wine, manhajar da ke sa manhajojin Windows aiki a Linux, nake buɗe ta. Yau filashina D: ne, gobe E:, sai manhajar ta kasa ganin fayilolinta. Lalacewa ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, filashinka lafiya lau, kada ka wahalar da kanka zuwa Ikeja sayen sabo. Linux ba ya raba haruffa. Wine ne ke ƙirƙiro su domin manhajojin Windows. Leƙa babban fayil ɗin ~/.wine/dosdevices, za ka tarar c: na nuni ga wani babban fayil na Wine mai suna drive_c, z: kuwa tushen kwamfutar baki ɗaya. Duk filashin da aka soka, Wine kan ba shi harafin da ba kowa a kai. In na kwastoma ya riga naka shiga, ya kwashe D: ke nan.

Ni dai ba na barin lissafin kuɗi ga sa'a. Raɗa wa filashin suna, buɗe winecfg, wato wurin saitunan Wine, shiga Drives, ƙara harafi mai nisa kamar P:, ka haɗa shi da babban fayil ɗinsa a ƙarƙashin /media. Sannan ka nuna wa manhajar P:.