Tambaya da Amsa: In an ce yi solo sai in rasa abin faɗa

Tambaya: Gaisuwa Malam. Shekara shida ina kaɗa kibod a coci da wajen biki nan Jos, da kunne nake kamawa, solfa (do re mi) kawai na sani. Yanzu mun samu wani wuri wajen Rayfield suna son jaz duk daren Juma'a, amma in aka ce in yi solo sai in ta hawa da sauka kan sikel (jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama) ɗaya har ni kaina in gundura. Dole sai na koyi karatun nota ne? Mai kibod, Tudun Wada.

Amsa: Ƙanena, karatun nota yana da amfani amma ba shi ke damunka ba yanzu. Matsalarka kana kaɗa sikel, ba ka bin kod ɗin (sautukan da ake dannawa tare) da ke tafiya ƙarƙashinka. Yawancin waƙoƙin jaz cike suke da abin da ake ce wa 2-5-1, wato a tashi daga kod na biyu zuwa na biyar a dawo na ɗaya, kuma da solfanka ma zan gaya maka: kod na biyu re fa la do ne, na biyar so ti re fa, na ɗaya do mi so ti. A kod na biyu riƙe fa da do kawai, in an koma na biyar fa ta tsaya inda take do ta sauka ti, in an dawo gida ti ta tsaya fa ta sauka mi, shi ke nan, sauti biyun nan (na uku da na bakwai a kowane kod) su ke nuna wa kunne inda aka dosa, in solonka na sauka kansu daidai lokacin da kod ya canja ko bas ya yi shiru mutane za su ji hanya. Yi shi a ki 12 duka, a hankali. Kuma don Allah cire hannu daga maɓallin taransfos ɗin nan mai canja maka ki, na san halin 'yan kibod.

Sannan blus mai gaɓa 12, blus fa, ba Bulus ba. Kod uku sun isa ka fara.

Yawan gudun yatsu kuma rage shi. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan. Saurari faifan Kind of Blue na Miles Davis, mai busa ƙahon jaz ɗan Amurka, 1959, ka ji yadda yake barin fili tsakanin jimloli kamar mai jiran 'yan amshi. Zaɓi jimla ɗaya gajera, rera ta da baki har ta zauna, sannan ka neme ta a kibod. Ran Juma'a ka fara solonka da ita.