Yaya, ga dalilin da ya sa Hajiya ke zaune ita kaɗai a Nima

Yaya, na ji saƙonka, kuma na san ba da wata manufa ka yi tambayar ba. Ka ce kunya ta kama ka da aka gaya maka mahaifiyata Hajiya na kwana ita kaɗai a ɗakinta, alhali 'ya'yanta suna raye, kuma da a Kano ne da tuni an yi da mu a unguwa. Haka ne. Sai dai zaman unguwar Nima a Akara, babban birnin Gana, ba zaman Kano ba ne, bari in warware maka.

Ka san kakanninmu goro ya kawo su ƙasar nan, da yawa kuma sun gangaro kudu ne bayan yaƙin garin Salaga na arewacin Gana a 1892. Sannan a 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, abin da ya mai da Baffa gida ke nan, ya bar mahaifinmu a nan. Tun daga lokacin danginmu na jini suka yi ƙaranci. Ku a can idan tsohuwa ta yi tari, facaloli da jikoki da 'ya'yan ƙanne sun cika ɗaki. Mu nan maƙwabci ne dangi, kuma a kansa muka gina komai.

Gidan da Hajiya take ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli da Mosi, kowa kuma da Hausa yake magana. Matanmu ba sa kulle, sana'a suke yi, don haka tun kafin kiran assalatu an hura wutar koko da wake. Ƙofar Hajiya ba ta rabuwa da ido. Ni kuwa na yi gini a Kasoa, can wajen Akara, domin a Nima babu ko tafin hannu na fili, masu gidan haya kuma kuɗin shekara biyu suke nema a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta ce. Gidana da katanga da get, da banɗaki a cikin ɗaki. Na ɗauko ta. Mu fita da duhu saboda cunkoson hanya, mu dawo bayan isha'i, ita da talabijin wuni guda, babu mai sallama, babu suna, babu ta'aziyya. Ta rame. Da kanta ta ɗaure kayanta ta ce a mai da ita cikin mutane. Biyu daga cikin ƙannena kuwa, ɗaya yana Bronx a Amurka, ɗaya yana Hambug a Jamus. A ganina gidan nawa ne ya zama mata kaɗaici, kuma can ne za ta iya faɗuwa da hantsi ba a sani ba sai dare.

To amma ba mu bar abin ga sa'a ba. Na farko da muka taɓa sakata ce. Tsofaffi suna son danna sakata ta ciki, ita ce kuwa ke hana a kai musu ɗauki. Muka cire ta, muka sa kuba mai buɗuwa ta waje, makulli ɗaya yana hannun matar da ke ɗakin kusa, ɗaya wurin ladan. Alamar lafiya kuma buta ce: in ta idar da sallar asuba takan ajiye butarta a bakin ƙofa. Yarinyar da ke kawo mata koko da ƙosai in ta tarar babu buta, ba ta ajiye kwano ta wuce, ƙwanƙwasawa take yi, in shiru ta kira uwarta.

Abin da ya fi ba mu tsoro fitar dare ne. Gidaje da yawa a Nima har yau ba su da masai, sai na kuɗi a bakin hanya, lunguna kuma ƙunci, ga kwata a buɗe. Tsohuwa mai ciwon gwiwa a wannan hanya cikin duhu, karayar ƙugu ce kawai ake jira, kuma wanda ya karye a ƙugu a shekarunta da wuya ya sake miƙewa. Mu da sauran 'yan gida muka haɗa kuɗi aka gina masai a tsakar gida, da dare kuma tana da kujera mai bokiti kusa da gado. Ta yi ta faɗa a kan kujerar nan, wai mun mai da ita jaririya, daga baya ta saba. Makewayi ma sai da muka sa aka kankare gansakuka, aka kafa ƙarfen riƙewa a bango, aka ajiye mata kujerar roba ta zauna ta yi wanka. Ledar ƙasa da ta nannaɗe a bakin ƙofa, da darduma mai santsi, duk mun kwashe.

Wuta kuma, shekarun dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, sun koya mana hankali. Kyandir ba ya shiga ɗakinta, sai fitila mai caji, ɗaya a gefen matashi. Murhun gawayi a waje yake ko da hunturu ne, saboda hayaƙinsa yana kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Mitarta ta kati ce, ni nake sa mata ta waya don kada ta ƙare da tsakar dare. Damina kuwa, duk ɗan Akara yana tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah, suka ci sama da mutum 150. Da watan Mayu ya kama sai mu ɗaga gadonta a kan bulo, takardu da magani su hau saman kwaba.

Gwamnati tana da ɗan abin da take yi. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, ta ɗauke wa mai shekara 70 kuɗin shekara, amma katin yana mutuwa in ba a sabunta ba, shi ya sa nake danna *929# tun kafin lokaci. Lambar gaggawa 112 tana rubuce a bango. Sai dai motar asibiti ba ta shiga lungunmu, don haka samarin majalisar bakin lungu sun sani, in an kira su za su ɗauko ta zuwa titi, wani mai tasi kuma ya kai ta asibitin Mamobi. Kuɗi ma ba ma tura mata da yawa a waya, domin 'yan damfara tsofaffi suke farauta, su kira su ce an yi kuskuren turo kuɗi. Mai kanti muke turawa, ta aika a karɓo mata abin da take so.

Za ka ce me muke biyan maƙwabciyar. In ka ce mata albashi ka zage ta. Buhun shinkafa da azumi, atamfa da salla, kuɗin makarantar ɗanta in ya taso, haka ake yi.

Ban ce tsarin nan zai ɗore har abada ba. Yana aiki ne muddin hankalinta yana nan. Ranar da ta fara manta tukunya a wuta ko ta kasa gane hanyar gida, mun riga mun gama shawara, ƙanwarmu da ke Madina ta nan Akara za ta tattaro ta dawo ɗakin. In za ka kira ta, bari sai ta yi la'asar, ka tuna agogonku ya riga namu da awa ɗaya, kuma ka ɗaga murya, kunnen hagun ya yi nauyi.