Kano ko Dutse? Amsa ga mai lamba tara daga ƙasar Kiyawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kiyawa, shekarata 19. Na gama sakandare da kiredit bakwai har da Turanci da Lissafi, kuma makin da na ci a JAMB ba laifi. Ni nake buga lamba tara a kulob ɗin garinmu, kowa yana cewa ina da ƙafa. Raina yana kan Jami'ar Bayero, don a Kano manyan kulob suke. Baba kuwa ya ce ƙarfinsa bai wuce Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Kwalejin Ilimi ta Gumel ba. Manomi ne. Ba na son in bar ƙwallo. Wacce zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman kwas ɗin da kake son karantawa, ban gani ba. Lambar rigarka kuwa ga ta nan baro-baro. Zan dawo kan wannan, bari mu fara da aljihun Baba.

Kuɗin rajista shi ne kowa yake hange, alhali sau ɗaya ake biyansa a shekara, kuma akan san lokacinsa har a tanadi buhun riɗi ko a ɗaure rago dominsa. Abin da yake karya uba shi ne na kullum, wato ɗaki da abinci da mota. Idan ba ka dace da gado a ɗakin kwanan ɗalibai na sabuwar Jami'ar Bayero (BUK) da ke hanyar Gwarzo ba, haya za ka kama a su Danbare ko Rijiyar Zaki, kuma kuɗin shekara ake biya dunƙule. Ga kuɗin adaidaita sahu duk ranar da za ka shiga gari atisaye, tafiya da dawowa. A Dutse kuwa, ranar kasuwar Shuwarin, Baba zai iya damƙa wa direban garinku ƙullin garin tuwo da kuka da daddawa da ɗan ƙuli-ƙuli, kafin la'asar sun iso hannunka. Mai gudu a fili ba ya rayuwa da garin kwaki, kai ka fi ni sanin yunwar da take biyo bayan minti casa'in. Ku zauna da Baba a kan tabarma ku yi lissafin shekara huɗu cur da buhu, ku sa har da shekarar da damina ba ta yi kyau ba, ku bar sarari ga yajin aiki. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas ba su shiga aji ba, masu gidajen haya kuma ba su yafe wa kowa ko kwabo ba.

Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a ciki, kuɗin rajista makarantar ake tura wa kai tsaye, ana kuma fara biya ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ka nema, zai rage nauyi. Sai dai bashi sunansa bashi, kuma ba zai riƙe maka haya da cefane a Kano ba.

To, ƙwallo. Kuskuren da samari da yawa suke yi shi ne ɗaukar jami'armu kamar ta Amurka, inda makaranta take ɗaukar nauyin yaro saboda ƙafarsa. A nan makin JAMB da na tantancewa su suke ba ka gurbi, ba yawan ƙwallayen da ka zura ba. Akwai wasannin jami'o'i na NUGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA, foliteknik kuma NIPOGA, amma ba ta nan aka fi hawa ba. Tsanin da aka sani shi ne kulob: daga na unguwa zuwa gasar rukuni na uku ta NLO, sai ta rukuni na biyu wato NNL, sannan firimiyar ƙasa mai ƙungiyoyi 20 kacal. Ahmed Musa ta Kano Pillars ya bi ya tafi Holland a 2010, bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Na san Pillars take ja maka rai, kulob ɗin da ya ɗauki kofin firimiya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zama ɗalibi a Kano bai sa an buɗe maka ƙofar filin Sani Abacha, kuma kowace unguwa a birnin tana da nata lamba taran da ake cewa yana da ƙafa. Jigawa ma tana da Golden Stars da ƙananan kulob, kuma inda 'yan wasa ba su yi cunkoso ba an fi saurin ganin mutum. Ranar da aka kira gwaji a Kano, motar safe za ka shiga daga Dutse.

Ina da abokin karatu da ya fi duk wanda na sani iya yanka. Rana ɗaya aka taka masa gwiwa a wani fili mai burji, aka kai shi wurin mai ɗori, ya yi wata uku yana dogara sanda, bai ƙara gudu yadda ya saba ba. Abin da ya tsare shi takardar NCE da ya lallaɓa ya gama, yanzu shi yake horar da yaran makarantar da yake koyarwa. A manya ma an yi waɗanda suka haɗa biyun. Segun Odegbami injiniyanci ya karanta a foliteknik ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ne daga Jami'ar Legas, dukansu suna cikin tawagar da ta ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980.

Da ni ne kai, Dutse zan ɗauka, muddin kwas ɗin da kake so yana can. Shi ne abin da ba ka faɗa mini ba, kuma kafin ka biya kuɗin canjin makaranta a JAMB sai ka tsayar da shi. Ka sani kwas mai yawan aikin ɗakin gwaji yana cinye yamma, lokacin atisaye ke nan, jami'o'i da yawa kuma ba sa barin wanda bai cika kashi 75 na halartar aji ba ya zauna jarrabawa. In kuwa ƙwallon ce sana'ar da kake so har tsufa, kada ka raina kwalejin ilimi. Shekara uku ce, akwai fannin motsa jiki da kiwon lafiya a kwalejoji da dama, daga nan ana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ka gaida Baba.

TAMBAYA: Malam, ni uba ne daga ƙasar Garko. Wani ya zo ya ce zai kai ɗana mai shekara 16 gwajin ƙwallo a Turai idan na biya kuɗin biza da jirgi. Kuɗin da na tara masa na makaranta ne. In bayar?

AMSA: Kada ka bayar, Alhaji. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wani kulob a ƙasar waje, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar iyayensa su koma can da zama don wata hidima da ba ta ƙwallo ba. Kulob ɗin da yake son yaro da gaske shi yake aiko da takardar gayyata da sunansa, kuma bisa al'ada shi yake ɗaukar ɗawainiyar tafiyar. Ka ce wa mutumin ya kawo lasisinsa na dillancin 'yan wasa da takardar gayyatar, ku tafi tare ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano a duba. Kuɗin kuma su ci gaba da zama inda ka ajiye su har yaron ya rubuta WAEC ko NECO.